A Ƙidaya Yara Tun Ba Su Ɓace Ba

A ƙarshen shekarar 1999 wani mutumin birnin Lahore na ƙasar Pakistan, mai suna Javed Iqbal, ya aika wa 'yan sanda da wata jarida takarda, ya ce ya kashe yara maza 100, 'yan shekara 6 zuwa 16. Da aka shiga gidansa sai aka tarar da ganguna na ruwan asid inda yake narkar da gawawwaki, ga tulin riguna da takalma, ga hotuna, ga kuma littafin da ya rubuta sunayen yaran. Alƙali ya yanke masa hukuncin kisa a watan Maris na 2000, amma tun ba a zartar ba aka iske shi matacce a kurkuku a watan Oktoba na 2001.

Abin da ya sa muka tono wannan mummunan labari shi ne littafin nan. Watau a babban birni mai 'yan sanda da alƙalai da ofisoshi, yara suna ta ɓacewa wata da watanni, hukuma ba ta farga ba sai da mai kisan ya tona asirin kansa. Shi ne yake riƙe da rajista.

To, wane irin mutum ne wannan? Ba mahaukaci ba ne mai yawo da tsumma. Ɗan attajiri ne, yana da gida da abin hannu. Yakan jawo yaran titi da waɗanda suka gudo daga gida, da abinci da wurin kwana da alkawarin aiki. An sha kai ƙararsa a kan lalata da yara, ba a hukunta shi ba, ya kuwa ƙara samun ƙarfin gwiwa. Da bakinsa ya ce ramuwa yake yi saboda wulakancin da ya ce 'yan sanda sun yi masa. Halin irinsu ke nan: tausayi ya fita daga zuciya, laifi kullum na wani ne, sa'an nan sukan zaɓi yaron da suka tabbata ba mai cigiyarsa.

Kada mu ce abin na nesa ne. A Kano, Abdulmalik Tanko, mai makaranta, ya sace ɗalibarsa 'yar shekara 5 a watan Disamba na 2021, ya kashe ta da maganin ɓera, ya binne ta a cikin makaranta. Babbar Kotun Kano ta yanke masa hukuncin kisa a watan Yuli na 2022. Rai ɗaya ya ɗauka, amma ƙofar da ya bi ita ce ta wancan, watau amana. Lalle mugu ba shi da kama.

Yanzu mu dubi Jibiya. Gari ne na kan iyaka, hanyar Katsina zuwa Maraɗi ta bi ta Magama. Jama'ar tsallake da ta nan harshe ɗaya ne, dangi ɗaya. Almajirai suna ketarawa, 'yan talla da 'yan dako suna kai da kawowa, ga kuma yaran da 'yan bindiga suka raba da garuruwansu, tun 2019 da dubban mutanen Katsina da Zamfara da Sakkwato suka yi gudun hijira zuwa jihar Maraɗi. In yaro ya ɓace a nan, malaminsa zai zaci ya koma gida, iyayensa su zaci yana makaranta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Saboda haka muna kira ga malaman makaranta, na boko da na allo, su riƙa kiran suna kowace rana, yaron da aka kwana biyu ba a gani ba a bi sawunsa har gida. Malaman ofis na ƙananan hukumomi da masarautu, tare da dagatai da masu unguwa, su buɗe littafin cigiya, a rubuta suna da kamanni da ranar ɓata, a aika wa 'yan sanda da ma'aikatan kan iyaka, a kuma sanar da hukumomin Maraɗi. Babban da aka gani zai ketara da yaro, a tambaye shi dangantakarsu. Ƙarar cin zarafin yaro kuwa, kada a kashe ta a zaure domin kunyar mai arziki.

Amma fa ban da ɗaukar doka a hannu. Wanda taro ya kashe a kan zato, ko dai an zalunce shi, ko kuwa ya tafi kabari da sunayen yaran da iyayensu ke jira. A kai shi gaban shari'a.

Ɗa na kowa ne. Allah ya tsare mana zuriyarmu, amin.