Haya tana hawa, azara tana ruɓewa

A biranen Faransa da Amurka, mai gidan da ya shimfiɗa katako mai ƙwari a ƙasan ɗakunansa yakan faɗi haka a tallar haya, ya ɗora kuɗi a kai, tun da dukiya ya kashe, kuma takardar yarjejeniya ta ɗaure shi da yin manyan gyare-gyare. A Agye da Gazawa da Gidan Rumji kuwa, an ɗauko ƙarin kuɗin an bar gyaran. Haya tana hawa alhali ko ƙusa ɗaya ba a ƙara wa gidan ba.

Babu ɗan haya mai hankali da ke neman daɓen katako a jahar Maraɗi, domin gara za ta cinye shi mai gida yana kallo. Mutanen da sun san abin da ya dace da ƙasar: mata su taru su yi daɓe, su yayyafa masa makubar ɗorawa, ya yi shekaru bai fashe ba. Siminti ya zo ya gaje shi. Abin da malamin lakwal ko ma'aikaciyar likita ke roƙo bai wuce abu huɗu ba: daɓen da ba ya tashin ƙura, azarar da gara ba ta ci ba, rufin da ba ya yoyo, da masai mai ƙofa. Wannan shi ne mafi ƙarancin haƙƙin wanda ke biyan kuɗi kowane wata.

Ruwa ba ya tsami banza. Garuruwan nan uku duk suna kan babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, kuma masu neman ɗaki a cikinsu sun ƙaru. A shekarar 2011 aka ɓalle Gazawa daga Agye ta zama gunduma mai cin gashin kanta, aka turo mata ma'aikata masu buƙatar wurin kwana. Daga 2019 kuma, dubban mutanen Zamfara da Sakkwato da Katsina suka tsallako gundumar Gidan Rumji suna gudun ƴan bindiga, har aka tsugunar da wasunsu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori, ma'aikatan ƙungiyoyin agaji suka biyo su. Inda ma'aikacin ƙungiya ya taya gida, malamin kwantiragi, wanda ɗan abin da ake ba shi ma yakan makara, ba ya da bakin magana.

Masu gidaje suna da hujjarsu, kuma adalci ne a saurare ta. Suna cewa tun da aka karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994 kayan gini ba su sauko ba. Cewa rufe iyakar da Najeriya ta yi daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da takunkumin da ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, sun tsadar da kwano da katako da ƙarfe. Gaskiya ne. Amma wannan hujjar wanda ya yi sabon gini ce, ko wanda ya yi gyara. Wanda ya gaji soro daga mahaifinsa, bai canza masa azara ba, bai yi masa yaɓe ba, da wace fuska zai jingina ƙarinsa ga tsadar simintin da bai saya ba? Irin wannan ƙarin cin zalin baƙo ne, ko da wane suna aka raɗa masa.

Sai dai idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Tun a 1996 gwamnati ta kafa dokar hayar gidaje, amma a waɗannan garuruwa haya ta zauna a kan baki da baki: dillali ya karɓi la'adarsa ya yi gaba, babu rasit, babu shaida. A 2004 aka zaɓi majalisun ƙananan hukumomi, jam'iyyu suka yi ta karɓa-karɓa a kujerun magadan gari, suna yanka filaye suna karɓar harajin kasuwa, ɗan haya kuwa yana nan da bakinsa kaɗai. A 2024 aka rushe majalisun aka naɗa kantomomi. Daminar wannan shekarar ta rusa gidaje masu yawa a jahar Maraɗi, ta nuna wa kowa cewa bangon da ba a kula da shi ba kabari ne mai jiran ranarsa.

Kada wani ya ce talauci ne ya hana tsari. A cikin gundumar Agye ɗin nan ƙauyen Ɗan Saga yake, inda manoma suka raya kututturan gonakinsu har itatuwa suka dawo, suka kafa kwamitin da ke tsare su daga masu saran dare, baƙi daga ƙasashe suna zuwa koyo. Idan manoma marasa albashi sun iya tsare gawo da kalgo, hukuma mai ofis da hatimi ba ta da uzurin kasa tsare ɗan Adam a ɗakin da yake biya.

Abin da ake buƙata bai kai kuɗin buki ɗaya na tarbar manya ba. Kowace ƙaramar hukuma ta buɗe littafin gidajen haya. A tanadi takardar yarjejeniya mai shafi ɗaya da Hausa da Faransanci, wadda za ta faɗi kuɗin wata, da wanda gyara ya rataya a wuyansa, da wa'adin tashi. Kafin ruwan fari ya sauka, a tura magini ya duba azara da bango. Mai gidan da ya gyara ya yi ƙarinsa a gaban shaidu. Wanda ya ƙi, a hana shi.

Malamin da ya kwana yana tarbe yoyo da kwano, da safe shi zai tsaya gaban ƴaƴan mai gidan ya koyar da su. Ko don wannan kaɗai, ya kamata kantomomin Agye da Gazawa da Gidan Rumji su buɗe littafin nan kafin damina mai zuwa.