Awon Bature Halal, Awon Gida Haram?

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai da sababbin ma'aikata, akwai wata jarrabawa a ƙasar Ostareliya wadda ya kamata kowane ɗayanmu ya san labarinta, ko da kuwa ba ya da niyyar taka ƙasar har abada. Sunanta a taƙaice LANTITE, watau jarrabawar karatu da rubutu da lissafi ta masu koyon aikin malanta. Tun shekarar 2016 gwamnatin ƙasar ta wajabta ta. Duk wanda ya shiga jami'arsu don ya zama malamin firamare ko na sakandare, ɗan ƙasa ne ko baƙo, sai ya ci ta kafin a ce ya kammala. Wata hukumar binciken ilmi mai suna ACER ita ke shirya ta.

Jarrabawar kashi biyu ce, kowane kashi tambayoyi 65 cikin sa'a biyu. Kashin farko yana auna fahimtar abin da aka karanta da ƙa'idojin rubutu. Na biyu lissafin yau da kullum ne, irin na kaso da awo da karanta jadawali, kuma tambayoyi 13 daga ciki ba a yarda a taɓa na'urar lissafi ba. Mizanin da suka aza kuwa shi ne, wanda zai tsaya gaban yara ya kasance cikin kashi 30 bisa 100 na sama na manyan mutanen ƙasar wajen karatu da lissafi.

Wanda ba ya cikin ƙasar yana iya zama jarrabawar daga inda yake ta hanyar intanet, kamar yadda ya zama tilas ga ɗalibai baƙi da suka maƙale a garuruwansu sa'ad da Ostareliya ta rufe iyakokinta a watan Maris na 2020 saboda annobar korona. Sharuɗɗan ba na wasa ba ne. Sai mutum ya biya kuɗi da dalar ƙasarsu. Sai ya tanadi kwamfuta mai kyamara da makirufo, da intanet wadda ba ta yankewa, da ɗaki inda ba mai shiga ba mai fita. Wani mai gadi da bai taɓa gani ba zai duba katin shaidarsa, ya sa shi ya zagaya da kyamara ya nuna kowane lungu na ɗakin, sa'an nan ya zuba masa ido har ya gama. Ku auna wannan da halin ɗalibin da ke zaune a Kano ko Sakkwato, inda wuta ke ɗaukewa ba sallama, inda gida guda ke ɗauke da mutum ashirin. Kafin a auna lissafinsa an riga an auna aljihunsa, domin sai ya sayi man janareta, ya nemi aron ɗaki, ya roƙi Allah kada intanet ta yanke a tsakiyar tambaya.

Duk da haka ba a taɓa jin ƙungiyar ɗalibai ta fito zanga-zanga a kan wannan ba. Wanda hanya ta buɗe masa sai ya sunkuyar da kai, ya sayi littattafai, ya kwana yana bitar kaso da ninki, ya buɗe wa baƙo ɗakin kwanansa. Ba mai kiran wannan wulaƙanci. In ya ci, har walima za a yi. Haka kuma da Ingila ta buɗe wa malaman Nijeriya ƙofar neman shaidar malanta tata a watan Fabrairu na 2023, ba wanda ya ce sharuɗɗan sun zubar masa da mutunci.

To, ku juyo gida. A shekarar 2017 gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare wajen 33,000 jarrabawa da tambayoyin 'yan aji huɗu, ta sanar cewa 21,780 ba su kai maki 75 bisa 100 ba, ta kuma sallame su. Ƙungiyar malamai ta shiga yajin aiki a watan Janairu na 2018. Muryoyi da yawa daga cikinmu masu ilmin zamani suka tashi, wasu suna cewa an zalunci talaka, wasu suna cewa ba a taɓa auna malami da takardar yara ba. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, yaran da ke zaune a ƙasa cikin azuzuwan nan su ma 'ya'yan talakawa ne, kuma ba su da ƙungiya, ba su da kakaki. Ina dalilin da ya sa ɗan Bature ya cancanci malamin da aka auna, ɗan manomin Giwa ko na Kaciya kuwa ya haƙura da duk wanda aka jefo masa?

Kada wani ya ɗauka yabon gwamnati muke yi. Laifin hukuma ya fi na kowa girma. Ita ce ta buɗe shirin ilmin firamare kyauta a 1976 ba tare da isassun malamai ba, ta yi ta yaye su cikin gaggawa. Ita ce ta mai da kwalejin horon malamai matattarar waɗanda jami'a ta ƙi. A ƙarƙashinta aka mai da takardar ɗaukar malami kyautar siyasa, kowane kansila da kasonsa. Bayan mutum ya shekara ashirin da alli a hannu, ya tara iyali, sai a zo a auna shi a kore shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Abin da mutanen Ostareliya suka gane ke nan: suna awonsu a bakin ƙofa, tun mutum yana ɗalibi, in ya faɗi ya sake, domin tun farko sau uku aka yarda masa, daga baya ma aka sassauta wannan iyaka.

Za a ce ai jarrabawa ba ta nuna wanda ya iya koyarwa. Gaskiya ne, su ma can suna wannan gardama, kuma akwai waɗanda suka gama shekarun karatunsu takardarsu ta maƙale saboda ita. Haƙuri da yara da iya riƙe aji ba su shiga kwamfuta. Amma wanda ba ya iya fitar da kashi ɗaya cikin huɗu na 60 ba zai koyar da shi ba, kome haƙurinsa. Za a kuma ce jarrabawa da Turanci guntun mulkin mallaka ce. In haka ne sai mu yi tamu. Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta ce a fara koyar da yaro da harshen da ya tashi da shi. To, a auna malamin ƙananan azuzuwa da Hausa da Turanci duka biyu, mu ga masu digiri nawa ne za su rubuta shafi guda na Hausa ba tare da sun rikita ka da ƙa ba. Za a ce Hukumar Rajistar Malamai, TRCN, tana da jarrabawarta tun 2017. Madalla, amma jarrabawar da ba ta tsare ƙofar aji ba ado ce kawai, matuƙar ana iya shiga ta taga da wasiƙar mai gida.

Saboda haka muna kira ga ƙungiyoyin ɗalibai, musamman na tsangayoyin ilmi da kwalejojin horon malamai, su riga gwamnati neman wannan awo. A yi shi a shekarar farko ta karatu, kyauta, a zauren da hukuma ta tanadar wa wuta da kwamfuta, don kada talauci ya kayar da mai ƙwazo. Wanda ya faɗi a koya masa ya sake. Wanda ya ci a ɗauke shi bisa makinsa, a biya shi albashin da zai hana shi hangen jirgin sama, a kuma biya shi kan kari. Ku kuma sababbin ma'aikata, watarana jerin sunayen masu neman aikin malanta zai iso teburinku tare da 'yar takarda daga wani babba. Ranar nan ku tuna cewa ƙannenku ne za su zauna a gaban wanda kuka sa wa hannu, har shekara shida.