Wa Ya Ce Maku Zumunci Suke Yi?

Yau na ajiye labarin da muke ciki, domin wani abu ya tsaya mini a maƙogwaro. Wani abokina ne ya turo mini hoton beyar guda biyu a wani gidan namun daji na Turai, sun cure wuri guda suna barci cikin ɗan ɗakin siminti, ya rubuta a ƙasa wai mu zo mu koyi zumunci wurin dabba. Ni kuwa na ce masa kallon kitse yake yi wa rogo.

Bari in yi wa mai karatu bayani, tunda babu wannan dabba a dazukanmu. Beyar mai ruwan ƙasa tana zaune ne a Rasha, Alaska, Kanada da wasu tsaunukan Turai. Idan hunturunsu na ƙanƙara ya shigo, abinci ya yanke, sai ta haƙa rami ta shige, ta yi wata biyar ko fiye ba ci ba sha, ba fitsari ba bayan gida. Bugun zuciyarta, da ya saba kai 40 a minti, yakan sauko zuwa wajen 10. Kitsen da ta tara ne jarinta, duk wani motsi na banza asara ce. To a daji wa take kwana da shi? Babu kowa. Namiji raminsa daban, mace nata daban. Uwa ce kaɗai ke kwana da 'ya'yanta, waɗanda take haifa cikin ramin a tsakiyar sanyi, kowane bai fi rabin kilo ba. Kuma babban abin da take ɓoye su dominsa shi ne namijin beyar, don yana kashe jarirai.

Wannan ita ce dabbar da ɗan Adam ke cusa biyu ko uku a ɗaki ɗaya, sannan ya riƙe baki idan jini ya zuba.

Ga misali. A 2009 Rasha ta yi wa birnin Bern na Suwizalan kyautar marayun beyar biyu, Misha da Masha. A Janairun 2014 Masha ta haifi 'ya'ya biyu. Gidan namun dajin Dählhölzli bai raba uban da su ba, hujjarsu ita ce iyayen sun shaƙu da juna, rabuwa za ta cutar da su. A watan Afrilu Misha ya kashe ɗaya. Bayan 'yan kwanaki, da ya koma kan na biyun, sai ma'aikata suka yi wa ɗan allurar mutuwa. Don Allah jama'a, a nan wane ne mai laifi? Misha halinsa ya yi, hali kuwa zanen dutse ne. Wanda ya riƙe makulli shi ya kamata a tambaya.

Na san za a ce mini ai beyar na haƙuri da juna. Gaskiya ne. A kogin Brooks na Alaska sukan taru da yawa suna kamun kifi, kuma 'yan uwa da suka rabu da uwarsu sukan kwana rami ɗaya. Amma a can wanda aka fi ƙarfi yana da inda zai gudu. Ya sunkuyar da kai, ya ja da baya, magana ta ƙare. A ɗakin siminti ina zai ja? Ƙarami ya haƙura da lungu mai sanyi, a tashe shi da gurnani, ya ƙone kitsen da zai kai shi ƙarshen sanyi. Shirun da kuke gani ba lallai ne ya zama so ba, wanda ba shi da ƙofa ma shiru yake yi.

Kuma ba wai babu mafita ba. A Zarneshti ta ƙasar Romaniya akwai mafakar Libearty da aka buɗe a 2005, daji ne mai faɗin hekta 69, beyar fiye da 100 da aka ceto daga keji ke zaune ciki. Fili ne ya ba su damar kauce wa juna.

Maganata ɗaya ce. Duk wanda ba zai iya ba kowace beyar raminta da hanyar gudunta ba, to ya haƙura da ajiye ta. Ko a akurki ba ma haɗa zakaru biyu mu ce su yi zumunci. Abokina dai ya yi fushi, amma na san zai huce.

Sai mun haɗu a rubutu na gaba.