Wa Zai Riƙe Wuta a Sansani?

 Ga hutun Kirsimati yana matsowa, lokacin da 'yan Birged da 'yan makarantar Lahadi sukan naɗe tabarma su tafi sansani na kwana uku ko huɗu. Al'adar nan ta daɗe. William Alexander Smith ya kafa Birged a birnin Gilasgo a 1883, a 1886 kuwa ya kai yaransa sansani na fari, suka kwana cikin wani babban ɗaki a bakin ruwa. A 1908 Birged ta iso Legas. Mu ma a ciki muka tashi. Amma akwai abin da muka lura da shi shekara da shekaru. In ana shirin sansani akan zaɓi mai wa'azi, da mai busa ƙaho, da mai riƙe kuɗi. Wuta kuwa sai a bar wa duk yaron da ya fi kusa da kurfoti.

Risho da ƙaramar tukunyar gas suna da amfani domin shayi da shinkafa. Gashi da banda kuwa sai gawayi. Kurfoti biyu ko uku sun isa ƙungiya ƙarama. In mutane suna da yawa, a sa maƙeri ya raba duro biyu, ya huda gindinsa, ya yi masa ragar waya. Duron da ya taɓa ɗaukar maganin ƙwari kada a kusance shi, ko an wanke shi sau goma. A kafa murhun a wuri mai lebur, a share busasshiyar ciyawa kewaye da shi, a ajiye bokitin yashi kusa, gama iskar hunturu ba ta da tabbas.

Gawayin kirya shi ya fi, domin yana da nauyi, yana kuma daɗewa. Shi ya sa maƙera suke sonsa. A hura shi da kara ko ƙirare. Fetur kam, ko kusa. Sa'an nan sai abin da yara suka fi ƙi, watau jira. Yaro yana ganin harshen wuta ya tashi sai ya ce a ɗora nama. Harshen wuta yana ƙone bayan nama ya bar cikinsa ɗanye. Sai an bari gawayi ya zama garwashi, farar toka ta rufe shi, kamar minti 20 ko fiye kaɗan. Ku dubi mai tsire a kasuwa. Yakan jera tsinkensa kewaye da tukuba, zafi yana kai wa nama daga gefe, shi kuwa yana juyawa ba gaggawa. Mu ma mukan tara garwashi a gefe ɗaya na kurfoti, mu bar ɗayan gefen ba kome, domin in kitse ya ɗiga wuta ta tashi a sami inda za a janye naman.

Kaza ta fi kome yaudara. Masana sun ce sai zafin cikinta ya kai digiri 74 kafin a ce ta gasu. Ba ma tafiya jeji da ma'aunin zafi, saboda haka a soka wuƙa a cinya kusa da ƙashi. In ruwan da ya fito yana da ja, a mayar. Kada kuma a juye gasasshen nama cikin tiren da aka ɗauko ɗanye da shi. Yawancin gudawar sansani da akan ɗora wa ruwan rijiya, daga tiren nan take.

Yanzu ga zancen banda. Sau da yawa wani dattijon ikilisiya yakan ba da rago ran da aka isa. A yanka shi, a ci rabi, rabin kuwa ina za a kai shi, ga shi ba firiji? Ɗanyen nama in ya wuce awa biyu cikin zafi ya soma zama abin tsoro. Kakanninmu sun san maganin wannan, masuntan Baga ma da shi suke aika kifin Tafkin Chadi har kudu. A yanka naman sirara, a cire kitse gama shi ke fara lalacewa, a shafe shi da gishiri. A ɗaga raga kamu ɗaya ko fiye bisa garwashi kaɗan, a riƙa sa guntayen icen mangwaro ko marke masu ɗan danshi domin su yi hayaƙi, a kifa tsohon kwano a bisa. Aikin yini ne, ba na awa ɗaya ba. Kowace safiya kuma a sake nuna wa naman wuta. Icen da aka yi wa fenti, da tinya, da roba, da leda, kada ko ɗaya ya shiga wutar nan, domin duk abin da ke cikin hayaƙi yana komawa cikin nama.

In an sami kifi, mai shirya addu'ar yamma ya sami darasinsa. Sau biyu Yohanna ya ambaci wutar gawayi. A sura 18 Bitrus yana jin ɗumi a gefenta sa'ad da ya yi musun Ubangijinsa. A sura 21 kuwa Ubangijin da kansa ya hura wata a bakin teku, da kifi a kanta, a nan ne ya mayar da Bitrus ga aikinsa. Mun ga yara suna sauraron wannan da baki buɗe, ƙamshin kifi yana hancinsu.

Amma dalilin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne dare. Wata shekara mun kai yara sansani, aka ba mu ajin wata makaranta domin kwana. Sanyi ya yi tsanani. Bayan an kashe fitila wasu manyan yara suka ɗauko kurfotin da muka gasa nama da shi, da sauran garwashinsa, suka shigar da shi ɗaki, suka rufe ƙofa da tagogi. Mu malamai muna barci a ɗakin gefe. Wajen ƙarfe biyu wani ƙaramin yaro ya fito yana amai, yana cewa kansa zai tsage. Da muka shiga, biyu daga cikinsu da ƙyar suka iya tsayawa. Muka fitar da su duka waje. Allah ya yi mana jinƙai, ba wanda ya rasu. Laifin namu ne, gama mun bar wuta da rai muka je muka kwanta.

Garwashi yana fitar da wata iska mai guba da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ko da ba a ga hayaƙi ba tana nan. Tana kama jini fiye da iskar da muke rayuwa da ita sau 200 da ɗoriya, mai barci kuwa ba ya jin kome har ta gama da shi. Tanti ma ba ya tsirar da kowa, ko an bar bakinsa a buɗe. Haka risho, haka gas, haka janareta. Wanda ya shaƙa yakan yi ciwon kai, da jiri, da tashin zuciya, shi ya sa akan ce zazzaɓi ne a ba shi ƙwaya ya koma ya kwanta. In mutum biyu ko uku a ɗaki ɗaya suka tashi da irin wannan, a fitar da kowa cikin iska nan da nan, a kai su asibiti ko sun ce sun warke.

Tun daga shekarar nan, kafin mu tashi mukan rubuta sunan malami ɗaya, babba, a kan takardar tsarin sansani: mai riƙe wuta. Shi ke kwanciya a ƙarshe. Yakan zuba wa garwashi ruwa har ya daina huci, ya shanya gawayin a gefe domin gobe, ya kife kurfoti a waje. Mukan kuma rubuta wa iyaye su ba kowane yaro bargo biyu da rigar sanyi.