Zuru: Garkar bayan gida ta fi buƙatar mai ita a ƙarshen damina

Duk wanda ya zaga unguwannin Zuru a ƙarshen watan Agusta, daga Rikoto zuwa hanyar Dabai, zai ga abu guda yana maimaituwa a bayan gidaje. Garkar da aka share aka shuka da ɗoki a watan Yuni ta koma kurmi. Kuɓewa ta ƙosa a jikin karanta har wuƙa ba ta kama ta, alayyahu ya yi fure ya daina ganye, ruwa ya kwanta a gindin barkono, ciyawa kuma ta fi rama tsawo. Uwargidan da ke da wannan garka ita ce za a gani da yamma a bakin kasuwa tana cinikin kayan miya.

Dalilin sakacin ba ɓoyayye ba ne. Hankalin magidanta yana kan babbar gona, inda dawa da masara da shinkafa ke neman maimai da taki. Ga kuma wata fahimta da ta zauna a zukata, wai tunda ruwa na sauka kusan kullum, shuka ta samu duk abin da take so. Alhali kuwa marka ita ce lokacin da ƙaramar garka ke lalacewa cikin mako biyu idan aka juya mata baya, kuma ita ce lokacin da gida ya fi buƙatar ta. Rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai shigo ba, tumatirin noman rani ya daɗe da ƙarewa, wanda ake samu a kasuwa kuma tsada gare shi. Tun bayan cire tallafin man fetur a 2023 kuɗin mota ya hau kan kowane kwandon kayan gwari, har alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa suka nuna hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024. Gidan da ke tsinkar ganyen miyarsa a bayan ɗaki ya rage wa kansa wani kaso na wannan nauyi kowace rana.

A masarautar Zuru akwai dalilin da ya fi tsada nauyi. Shekaru ke nan ’yan bindiga na addabar ƙauyukan Danko-Wasagu da Sakaba da wasu sassan Fakai. Iyalai da dama sun baro gonakinsu sun raɓa da ’yan uwa a Zuru da Ribah da sauran manyan garuruwa, wasu kuma suna gida amma gonar nesa ta fi ƙarfinsu. Ga irin waɗannan, ’yar taku goma da ke bayan katanga ita ce kaɗai ƙasar da mace za ta shiga da fartanya ba tare da tana waiwaye ba.

Sai dai a nan akwai buƙatar faɗin gaskiya: garka ba ta maye gurbin gona. Tuwo ba ya fitowa daga kunya biyar ta kuɓewa. Duk jami’in da zai tsaya gaban mutanen da aka kora daga gandunsu ya ce su rungumi noman bayan gida, ba tare da ya yi maganar yadda za su koma gonakinsu ba, ya yi musu ba’a ne. Garka miya take bayarwa, da ɗan abin sayen gishiri da sabulu. Wannan kaɗai ya isa a kula da ita, ba sai an ɗora mata abin da ba za ta iya ɗauka ba.

Aikin farko a wannan wata shi ne na ruwa. Yankin Zuru ya fi arewacin Kebbi samun ruwan sama nesa ba kusa ba, kuma saiwar barkono da tumatir da gauta ba ta jure kwana biyu a cikin taɓo. A tada kunya, a yanka wa ruwa hanya ya fice, a ɗaure tumatir a jikin sanda don kada ganyensa ya riƙa shafar jiƙaƙƙiyar ƙasa, a cire ganyen ƙasa da ya fara baƙi a kai shi nesa. Wannan aiki yana jifan tsuntsu biyu da dutse ɗaya, domin wasu magidanta kan hana shuka a cikin gida da hujjar tana kawo sauro. Tsoron nasu yana da tushe, ganin binciken zazzaɓin cizon sauro na ƙasa na 2021 ya sa Kebbi a gaba, inda aka samu cutar a jinin kusan rabin ƙananan yaran da aka gwada. Amma sauro a kwantaccen ruwa yake haihuwa, a tsohuwar taya da fasasshen tulu da kududdufin gindin katanga. Garkar da aka nome, aka fitar mata da ruwa, ta fi kangon da aka bar wa ciyawa tsafta.

Sai tsinka. Kuɓewa, wadda mutanen ƙasar Sakkwato da Kabi ke kira guro, tana son a ziyarce ta duk bayan kwana biyu ko uku. Idan aka bar ’ya’yan suka tsufa a jikinta, sai ta ɗauka ta gama aikinta ta rage fure. Haka rama da lalo da yakuwa, wato sure: yawan yankan kai ne ke sa su yi rassa. Mai jin tausayin shukarsa har ya ƙi taɓa ta, shi ne ke kashe ta da wuri.

Abin da mutane suka fi mantawa shi ne, har yanzu lokacin shuka bai wuce ba. Ruwa kan kai farkon Oktoba a wannan yanki, alayyahu kuwa mako uku zuwa huɗu ya ishe shi a fara yanka. Kunyar da aka tuge tsohuwar shuka a kanta yau, idan aka zuba mata ruɓaɓɓen takin awaki ko na kaji aka watsa iri, za ta ciyar da gida kafin damina ta ɗauke. A watan Satumba ne kuma mai rijiya a gida zai yafa irin tumatir a ƙaramin fili mai rumfa, don dashe idan ruwa ya janye.

Akwai wata ɗabi’a da ta kamata a yi wa tsawa. Magidanci ya dawo daga feshin wake da ragowar magani a tanki, sai ya juye shi a kan alayyahun da za a yanka gobe a yi kwaɗo. Kowane maganin ƙwari yana da adadin kwanakin da ake jira kafin a ci amfanin, kuma a rubuce yake a jikin kwalba. A fili ƙarami irin wannan, hannu ya isa tsince tsutsa da safe, toka na rage ƙwarin da ke huda ganye, jiƙaƙƙen ganye ko dakakkun ’ya’yan darbejiya kuma sun daɗe suna aiki. Ba su da kaifin na kanti, sai an maimaita bayan kowane ruwa, amma yaro zai ci ganyen ba fargaba.

Batun shanya kuwa yana son haƙuri. Kuɓewar da aka yanka a tsakiyar marka fumfuna take yi kafin ta bushe. Gara a ci ɗanye yanzu, a ba maƙwabta, a jira rana ta buɗe a ƙarshen Satumba kafin a cika tabarmi. Ganyen zogale da rama a inuwa mai iska suka fi bushewa da korensu. A kuma ware ’ya’ya biyu ko uku daga shukar da ta fi lafiya, a ɗaura musu tsumma don kada yara su tsinke, su ne irin baɗi.

Mutanen Zuru ba sa buƙatar a koya musu ƙwazo. Ƙasar da al’adar golmo ta sa saurayi ya yi shekaru yana noma wa surukai kafin a ba shi mata, ta san darajar fartanya. Abin da ya yi ƙaranci shi ne iri mai kyau a ƙananan ƙulli da talaka zai iya saye, da mai zuwa ya nuna a aikace. Gwamnatoci sun sha yin kiran noman bayan gida, tun daga shirin ciyar da ƙasa na Obasanjo a 1976 har zuwa gasar lambun gida da uwargidan shugaban ƙasa ta ƙaddamar, amma kira daga Abuja ba ya yanka magudanar ruwa. Jami’ar Aikin Gona ta Tarayya tana nan cikin Zuru tun 2020, hukumar KARDA ma tana da malaman gona. Ɗalibai ashirin da za su shiga unguwanni ranar Asabar a watan Agusta, su zauna da ƙungiyoyin mata na coci da na Islamiyya, za su yi abin da taron bita a otal ba zai yi ba.

Kafin hakan ta samu, akwai aikin da ba ya jiran kowa. Awaki da tumaki suna turke ne yanzu saboda amfanin gona. Da zarar an fara kawar da hatsi za a sake su, kuma garkar da ba ta da darni ba za ta kwana biyu ba. Sandunan shingen a watan Satumba ake kafa su, tun ƙasa na da laushi.