Takunkumin Korona Ba Na Mai Fenti Ba Ne

Kwanan baya na iske wani maƙwabcina a ƙofar gida yana fesa wa motarsa fenti. Ya ɗaura shuɗin takunkumi irin wanda muka saba da shi lokacin annobar korona a 2020, yaransa biyu suna tsaye suna kallo. Da na yi masa magana sai ya ce, "Ai Malam na rufe hanci, in na gama kuma zan sha madara." Wannan amsa tana ɗauke da kurakurai biyu da suka zama ruwan dare, shi ya sa na ga ya dace mu tattauna su.

Idan aka fesa fenti, abubuwa biyu ke tashi cikin iska. Na farko ƙananan ɗige-ɗigen fentin kansa, na biyu kuwa tururin tina da sauran sinadaran da ke narkar da shi, kamar toluwin da zailin. Hankici da takunkumin asibiti ba sa tare ko ɗige-ɗigen sosai. Takunkumin N95 yana tare su, amma tururi yana ratsa shi kamar yadda iska ke ratsawa. Daga nan ya isa ɗaruruwan miliyoyin jakunkunan iska da ke cikin huhu, ya ƙetare siririn bangonsu ya shiga jini, ya kai ƙwaƙwalwa. Wannan ne dalilin jiri da ciwon kan da ke kama mai fenti. Ita kuwa madara ciki take zuwa, ba ta da hanyar wanke huhu.

Abin da ke tare tururi shi ne takunkumin roba mai gwangwanaye da aka cika da sarrafaffen gawayi, wanda ƙananan ramukansa ke kama tururin. A tsarin Turai gwangwanin yana da harafin A da launin ƙasa-ƙasa, a na Amurka kuwa baƙi ne. Dole a haɗa shi da matatar ɗige-ɗige, wato P3 ko P100. Gawayin yakan cika, don haka a riƙa sauya gwangwanin, a kuma adana shi cikin leda a ɗaure. Kafin a fara aiki, a toshe gwangwanayen da tafin hannu a ja numfashi. In takunkumin ya manne da fuska, ya zauna daidai. Mai gemu ya sani cewa gashi yana buɗe wa iska kafa a gefen roba.

Sai dai wannan takunkumi ya wadatar ne ga fenti na haɗi ɗaya kawai. Fentin mota mai haɗi biyu, wanda aka fi sani da 2K, sai an zuba masa ruwan da ke sa shi ƙarfi, kuma a cikin ruwan nan akwai sinadarin aisosayanet. Wani ɗan uwansa ne ya hallaka dubban mutane a Bhopal ta Indiya a 1984. Na cikin fenti ba ya yin irin wannan ɓarna nan take, amma yana jawo ciwon asma. Da zarar jiki ya tsane shi, ɗan kaɗan ya isa ya tayar da tari da shaƙewar ƙirji, sau da yawa cikin dare, sa'o'i bayan an gama aiki. Hanci kuma ba ya jin warinsa sai ya wuce kima, don haka mutum ba zai san gawayinsa ya cika ba. Wannan ya sa hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Birtaniya ta ce a fesa shi da takunkumi mai jawo tsabtatacciyar iska ta tiyo daga waje.

Ra'ayina shi ne, wanda ba shi da irin wannan kayan aiki kada ya fesa 2K a gida. Ya kai motar wurin da aka tanadi ɗakin fenti mai fitar da iska, ko ya zaɓi fenti na haɗi ɗaya, ya sa takunkumin gawayi, ya yi aikin a fili nesa da yara da wuta. Wani zai ce kuɗin ya yi yawa. Gaskiya ne, amma asmar da wannan sinadari ya jawo takan bi mutum har ƙarshen rayuwarsa.

Ya ku ɗalibai, da yawanku kuna da yayye ko iyaye masu wannan sana'a. Ku karanta musu abin da aka rubuta a jikin gwangwanin fenti. Malaman kimiyya kuwa, in kun zo darasin numfashi, ga misali nan a bakin titi.