Rabon Mai Raunin Fahimta A Gonakin Garun Malam

A cikin watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar da ta hana nuna wa naƙasassu bambanci, a 2020 kuma aka kafa hukumar da za ta lura da zartar da ita. Tun daga sa'an nan ana ta magana a kan makafi da kurame da guragu, kuma sun cancanta. Amma su waɗannan suna da sarakunansu da ƙungiyoyinsu, suna da bakin kai kuka. Akwai wasu bayin Allah da ba mu cika jin an ambata ba, watau masu raunin fahimta, waɗanda a ƙauye ake kira dolo ko gaula, yara suna binsu da tsokana.

Ya kamata a rarrabe: wannan ba hauka ba ne, ba kuwa aikin iska ba ne. Mutum ne wanda ƙwaƙwalwarsa ta sami tangarɗa tun yana ciki, ko wajen doguwar naƙuda, ko shawara ta kama shi yana jinjiri, ko sanƙarau, sai ya tashi yana koyon abu a hankali. Yana koyo, sai dai abin da wani zai ɗauka a kwana ɗaya shi sai an yi wata ana maimaita masa.

Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya a kan haƙƙin naƙasassu a 2010, sashe na 19 kuwa ya ba kowane naƙasasshe ikon zama cikin jama'arsa, a taimake shi a inda yake. Ingila ta daɗe tana tara irin waɗannan mutane a manyan asibitoci, daga baya ta ga illar abin, ta rufe su, ta koma kama wa mutum ɗaki ana aika masa mai taimako. Mu nan ba mu taɓa tara su haka ba. A birnin Kano akwai Gidan Torrey a Tudun Maliki, amma gida ɗaya ba zai ɗauki mutanen ƙananan hukumomi 44 ba, kuma ba mu fatan ya ɗauka. Namu suna gida tun asali. Abin tambaya shi ne, wane irin zama suke yi? A watan Agusta na 2020 'yan sanda a Jihar Kano sun fito da mutanen da danginsu suka kulle a ɗaki shekara da shekaru, a cikin gidajen iyayensu. To, wannan ma ai zaman gida ne.

A ganinmu, zaman kai a ƙasar Hausa ba shi ne a ware mutum shi kaɗai ba. Shi ne ya zama yana da ɗakinsa, da sana'ar da yake fita dominta, da abin hannunsa da ba mai iya ƙwacewa. Ƙasar Garun Malam da Kura da Bunkure kuwa ta fi wurare da yawa damar yin haka. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa ya sauko Kadawa, aikin gona ba ya yankewa rani da damina. Tsinkar tumatir, da zuba shi a kwanduna a kai Kwanar Gafan, da yanka shi a shanya, da korar tsuntsu daga shinkafa, da yankan ciyawar awaki, duk ayyuka ne da ake maimaitawa kullum iri ɗaya, su ne kuwa mai raunin fahimta yake riƙewa gam in ya koya. Sai dai a tsare shi daga maganin feshi da bakin manyan magudanun ruwa, a kuma biya shi ladan da ake biyan kowa. Mai gonar da ya sallame shi da ƙosai ya ci haram.

Amma inda gizo ke saƙa shi ne ranar da uba ya rasu. Ruwan da ya kawo aiki shi ne ya sa eka ɗaya ta yi tsada, sai ka ga an zo rabon gado an ce wane ai ba ya iya riƙe gona, a bar wa yayansa ya riƙa ci da shi. Shekarar fari ana ba shi tuwo da rigar salla. Kafin a jima an ba da gonar jingina, matar gida ta gaji, shi kuwa ya koma bakin hanyar Zariya yana miƙa hannu ga motoci. Alhali shari'a ba ta bar wannan a duhu ba. Raunin hankali ba ya hana gado. Malaman fiƙihu sun yi babi guda a kan wanda ba ya iya juya dukiyarsa: alƙali ya naɗa masa waliyyi, dukiyar tana nan tasa, a ciyar da shi a tufatar da shi daga cikinta, in kuma an jarraba shi an ga ya iya, a sakar masa. Waliyyi mai tsaro ne, ba magaji ba, kuma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Mace mai irin wannan rauni ta fi shiga uku, domin rabonta yakan ɓace ba a ko ambace shi ba, wani lokaci a aurar da ita don a huta da ita.

Nan ne maganar ta iso kanku, ma'aikatan ofis. A zamanin En'e malamin haraji ya san kan kowane magidanci a ƙasar dagacinsa. Ba zai gagari sakatariyar Garun Malam ta san masu raunin fahimta nawa ne a Chiromawa ko Kadawa ba, da wanda yake riƙe da kowannensu. In an raba gado, a rubuta gonar da sunan mai ita, har a takardar kuɗin ruwa, waliyyi kuma ya riƙa zuwa gaban alƙali bayan kowace kaka ya faɗi abin da aka samu da abin da aka kashe. Dokar 2019 ta kuma hana yin bara da naƙasasshe, ta ba mai raunin ƙwaƙwalwa magani kyauta a asibitin Gwamnati. Iyaye nawa ne suka taɓa jin haka? Sai an gaya musu.

Ku kuma malaman makaranta, yaron da ya shekara uku a aji ɗaya kada ku kore shi, kada ku sa masa bulala. In bai iya haɗa baƙi ba, ku koya masa bambanta naira ɗari biyu da ɗari biyar, da faɗin sunansa da na garinsu, da tsallaka titi. Jami'ar Bayero tana da sashen koyar da ilmin masu bukata ta musamman. Muna roƙon hukumar ilmi ta ƙaramar hukuma ta aika ko da malami ɗaya daga kowace gunduma ya koyo.